Inda Na Baro Nomau

Tun ranar da na dawo daga bakin kogin Kwara, maƙerarmu ta koma dandali. Mutum zai ɗauko fartanyar da babu abin da ya same ta, ya ce in duba masa, ya nemi gindin rumfa ya zauna, sai can ya ce, "Wai Audu, da gaske ne ƙarfe na tafiya bisa ruwa bai nutse ba?" In na amsa masa, wani ya shigo, a koma farko. Na kuma san ba ƙarfen ne ya dame su ba. Abin da kowa ke son tambaya, kunya ta hana shi, shi ne ina na baro ƙanena Nomau. To, na gaji da ba da labari gutsure-gutsure. Shi ya sa na roƙi malamin unguwarmu ya ɗauki alƙalami in faɗa sau ɗaya, wanda ya ƙara tambaya a karanta masa.

Mu maƙeran baƙi ne na Gozaki, tun kaka da kakanni. Garemani da fartanyoyin ƙauyukan da ke kewaye da mu, har wajen Kafur, daga rumfarmu suke fitowa. Mu biyu tsohonmu ya haifa maza, ni ne babba. Ba na jin kunyar faɗa: ni koyon ƙira na yi, Nomau kuwa da ita aka haife shi. Tun gemunsa bai fito ba Baba ya tashe ni daga gaban uwar maƙera, ya mayar da ni kan zuga-zugi, ya miƙa masa masaba. Na yi fushi, amma da na ga irin laujen da ke fitowa daga hannunsa sai na huce. Aibinsa ɗaya ne, ba ya ganin abu a haɗe ya ƙyale shi. Duk kwaɗon da ya shigo gidanmu sai ya kwance shi ya ga hanjinsa.

Dalilin tafiyar, wani bafatake ne ya kawo wa Baba guntun ƙarfen Nasara, miƙaƙƙe, babu datti ko kaɗan a cikinsa, ya ce a bakin Kwara jibge ake sayar da shi. Ramin tamarmu kuwa ya soma ƙarewa, idon Baba ma ya soma hazo. Ya shafa ƙarfen nan, ya lasa, ya buga ya saurara, ya ce mu je mu sayo. Ranar da za mu tashi ya riƙe ni a bakin zaure.

"Ku tafi ku biyu, ku dawo ku biyu, kafin ruwan shuka," in ji shi. "Audu, ba ƙarfen na ba ka amana ba, wanga yaro na ba ka. In babu shi, masabata ba ta da magaji."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

A Maska muka shiga ayarin Madugu Isiyaku, bayan an gama girbi. Jakunanmu biyu na ɗauke da garemani da linzamai da likkafu na sayarwa. Madugun gajere ne, mai faɗa kamar zakara, amma ya san kowace rijiya daga nan har Nufe. A wani gari mai ganuwa kan iyakar ƙasarmu da ta Zazzau aka tsayar da mu don kuɗin ƙofa. Mai tsaron ƙofar ya zazzage kayanmu, ya zaɓi linzamin da ya fi kowanne kyau, ya ce bari ya gwada wa dokinsa ya dawo. Ina jin har yau yana can yana gwadawa. Na tashi zan bi shi, Madugu ya taka mini riga, ya ce, "Zauna, maƙeri. Linzami ɗaya ya fi arha da kwana a ɗaure."

Birnin Zazzau ba sai na ba ku labarinsa ba, da yawanku kun je. Abin da na riƙe kawai, mun shiga wani babban soro don gaisuwa, kowa ya durƙusa kansa a ƙasa, Nomau kuwa ya ɗaga kai yana kallon yadda aka tanƙwara azara aka riƙe rufi babu ginshiƙi a tsakiya. Sai da na mintsine shi. Da muka fito Madugu ya ce maginin da ya yi wannan aiki yana da dawaki da bayi da gonaki, don manya ba su iya gina komai sai da shi. Nomau ya ce, "Ashe hannu na kai mutum nan?" Ban kula da maganar ba a lokacin.

Daga nan muka gangara ƙasar Gwari. Can na fara sanin na bar gida. Babu fura, sai doya, safe doya, rana doya, har na fara mafarkin damu. Matansu kuwa ba su ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa cikin wata ƙatuwar ƙwarya. Muna yi musu dariya, ashe tamu na nan tafe. Ƙudan tsando ya ciji jakinmu ɗaya, ya kumbura ya mutu, dole muka raba kayansa muka ɗora a ka. Wata tsohuwa ta gan ni ina tangaɗi da garemani, ta faɗi wata magana, matan duka suka fashe. Na tambayi tafintan ayarinmu, ya ce cewa ta yi kai wurin hankali ne, wanda ya ɗora masa kaya ya nuna ba shi da abin ajiyewa a ciki. Na so in rama, wuyana bai bar ni ba.

A kogin Kaduna masu fito suka ɗaura kayanmu bisa manyan goruna, suka ce kowa ya rungumi gora su ja shi. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce cinyata ba! Na karanta duk abin da na sani, har da wanda ban gama haddacewa ba. Da muka haye na tarar Nomau na tsaye yana tambayar mai fito me ya sa goran ke ɗaukar ƙarfe, alhali ƙarfen shi kaɗai nutsewa yake.

A Bida muka sauka gidan wani fatoma, Ndagi, wanda ke saukar da Hausawa yana yi musu dillanci. Da ya ji mu Katsinawa ne ya tafa hannu, don kun san wasan da ke tsakaninmu da Nufawa. "Kai, yau gidana ya shiga uku," in ji shi. "Ku ɓoye shinkafa, mayunwata sun iso!" Na ce masa mun zo ne mu koya musu noma, tun da ban ga komai a garin ba sai masu kamun kifi. Ya kawo mana shinkafa da miyar kifi ja wur da manja. Na ɗauka barkono ne zalla, na ƙi taɓawa, sai da na ga Nomau ya kai rabin akushi.

Ndagi ya zaga da mu unguwar masu narka kwalba su yi munduwa, da ta maƙeran tagulla. Wallahi na raina kaina. Maƙeri da babbar riga, da doki ɗaure a ƙofar gida! Mu a gida sai kaka ta yi manomi ya aiko da damin dawa, in shekara ta yi kyau ya haɗa da kaza. Na faɗa wa Ndagi haka, ya ce, "Waɗannan ai daga fada suke ci, ranar da fada ta juya musu baya sun koma kamarku. Ku bari ku isa bakin ruwa, ku ga maƙerin da masu dukiya ke bi suna lallashi."

Muka sayar da kayanmu a nan, muka bar sauran jakin a hannunsa, muka shiga kwalekwalen Nufawan ruwa tare da Madugu zuwa Egga, inda ake sayar da ƙarfen. Kwara ba kogi ba ne irin wanda kuka sani. In kana wannan gaɓa, mutumin da ke waccan kamar ƙuda yake. Muna cikin tafiya, rana tsaka, na ji wata ƙara kamar an haɗa kakaki goma an busa. Na waiwaya, sai ga gida guda na ƙarfe yana tahowa, yana hawan ruwa ba gangara ba, babu mai tuƙi da filafili, babu mai dogara gora. Hayaƙi na fita ta wani dogon bututu, wata ƙatuwar ƙafa mai fikafikai na juyawa tana dukan ruwa. Na ce, "Hasbunallahu wa ni'imal wakil," na kwanta cikin kwalekwale. Nomau kuwa ya miƙe tsaye, sai da mai jirgi ya zage shi da Nufanci. Ban taɓa ganin abin da ya cika mini ciki da tsoro da sha'awa lokaci guda kamar wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani.

A Egga muka tarar da wani jirgin irinsa ɗaure a bakin gaɓa, shiru, babu hayaƙi. Mun sauka zango, mun fara cinikin ƙarfe, sai aka aiko wai mai kula da injin jirgin na neman maƙeran Hausa. Inji shi ne abin da ke cikin jirgin yana tura shi, mai kula da shi kuma injiniya suke ce masa. Na ɗauka Bature zan gani. Sai ga baƙin mutum kamar ni, da wando da takalmi sau-ciki, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Sunansa Yakubu, ana ce masa Ɗan Saro, da sunan ƙasarsu ta can bakin teku. Ya gaishe mu da Hausa, amma Hausar tsofaffin mata, don wurin uwarsa ya koya. An kamo ta ne daga ƙasar Hausa tana yarinya, aka kai ta bakin teku, Allah ya kuɓutar da ita a can. Ƙaton mutum mai gashin baki, in abu ya ba shi mamaki sai ka ji ya ce, "Oh ni 'yasu!"

Ya shigar da mu cikin jirgin. Jama'a, ku da kuke tambaya, ga abin da na gani: tukunyar ƙarfe wadda mutum zai kwanta a ciki ya miƙe, a cika ta da ruwa, a hura itace ƙarƙashinta. Tururin da matanmu ke bari ya tafi banza a bakin madambaci, shi suke tsarewa su bi da shi ta bututu, ya tura wani hannun ƙarfe, hannun ya juya ƙafar. Shi ke nan. Babu aljani, babu laya. Na dudduba ko'ina ban ga ko ƙahon rago ba.

Tun kafin mu fito na ga matsayin mutumin nan. Manyan fatake da rawuna na zaune a rana suna jiransa, wannan da tulun zuma, wancan da turmin zane, kowa na son ya sa baki a ɗaukar masa kaya. Baturen da ke shugabancin jirgin ya leƙo, ya yi masa magana a hankali kamar mai neman aure. An ce yana da gida a Lakwaja mai tagogin gilashi, yana da nasa kason a cikin jirgi da yake zuba hajarsa, ana kuma biyansa azurfa duk wata. Ban iya haƙuri ba, na jawo shi gefe na miƙa masa goro, na ce, "Don Allah, tsakanin maƙeri da maƙeri, wane malami ya yi maka aiki?"

Ya yi dariya har da hawaye. "Ɗan'uwa, kai yaushe kake samu?"

Na ce, "In garma ta karye."

Ya ce, "To ni ana biyana ne don kada ta karye. Ko jirgi na tafiya ko yana tsaye, rabona na nan. Masu ƙarfin hura wuta sun fi yashi yawa a bakin kogin nan, amma wanda zai kasa kunne ya ji inji na shirin ciwo tun bai kwanta ba, ba mu cika hannu ɗaya ba. In na yi fushi na sauka, dukiyar mutanen nan duka ta zama abincin gara."

Sannan ya nuna mana matsalarsa. Wani fegi ne na ƙarfe, bai fi tsawon tafin hannu ba, wanda ke riƙe hannun injin. Ya karye, tururi ya ƙona hannun Yakubu garin cirowa, ba ya iya riƙe masaba. Kafin a kawo wani daga bakin teku ruwa ya janye, jirgi ya zauna kan yashi har baɗi. Ya ba mu ƙarfe, ya ba mu guntayen tsohon fegin, ya ba mu wani ɗan abu kamar awartaki da ake gwada kauri da shi. Ya ce kowannenmu ya ƙera guda, daidai da tsohon, kada ya ɗara kada ya gaza.

Muka ari rumfar wani maƙerin garin. Na ture abin awon nan gefe, na ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kun san al'adarmu: in mutum ya ce a yi masa garma, sai ka ƙara mata ƙarfe kaɗan bisa abin da ya biya, kamar yadda mai hatsi ke tsiri a kan mudu, don kada a ce maka marowaci. To balle baƙo, balle ƙarfen ba naka ba! Na ce wannan fegi ai siranta ce ta karya shi. Na ƙara masa kauri, na yi masa kai mai kyau, na zana masa irin zanen da muke yi wa likkafar sarauta, don Nasara su san akwai maƙera a Gozaki. Na gama tun kafin azahar, na zauna ina cin gyaɗa. Nomau kuwa ya wuni yana abu ɗaya: ya goga da magagari, ya gwada, ya goga, ya gwada. Na ce masa, "Kai wai aski kake yi masa?" Bai ko ɗago ba.

Da muka kai, Yakubu ya ɗauki nawa ya jujjuya, ya ce bai taɓa ganin fegi mai kyansa ba. Ya kai shi bakin ramin da zai shiga a jikin injin, ko kansa bai shiga ba. Na ce a kawo masaba in buga shi ya shige. "Oh ni 'yasu!" in ji shi. "Ka fasa mini inji?" Ya ɗauki na Nomau, wani abu salalam babu ado, ya shafa masa mai, ya tura da ɗan yatsa. Ya shige sumul, ya zauna, ko motsi ba ya yi. Aka hura wuta. Da hannun nan ya soma kai da kawo, jirgi duka ya ɗauki rawa, fatake suka yi ta kabbara a bakin gaɓa. Ni ma na yi, har ga Allah na yi murna. Sai da na dubi fuskar Nomau murnar ta koma ciki. Ya kafa kunne jikin ƙarfen, idonsa a rufe, Yakubu na tsaye yana kallonsa.

Washegari da hantsi Nomau ya same ni ina ɗaure sandunan ƙarfen da muka saya. Ya tsuguna a gabana.

"Yaya, Yakubu ya ce zai koya mini. Ya ce in na yi haƙuri shekara kaɗan, za a ba ni inji nawa."

Na ce, "Baba fa?"

"Kai kana nan."

"Ni mai zuga ne, Nomau. Ka sani, na sani, Gozaki duka ta sani."

Ya ce, "Garma ba ta ƙin ƙari, Yaya. Manoma hannunka suke so, tsoron Baba ne ya hana su faɗa. In na koma gida, zan yi ta ƙera lauje har in mutu ina jin ƙarar abin nan a kunnena. In ka ce in bi ka, zan bi ka. Ba zan gudu ba."

Da ma gudun ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na yi faɗa, na tuna masa idon Baba, na tuna masa ruwan shuka, na ce dukiyar Ɗan Saro ce ta ruɗe shi. Ya ce ba ya musun yana son dukiyar, amma ko babu ita zai so ya zauna. Na je wurin Madugu Isiyaku ko zai tsawata masa, ya ce, "Na iya kora jaki ya bi hanya, ban iya kora mutum ba." Na koma bakin ruwa na zauna ina kallon jirgin. Maganar gaskiya, ni kaina da ina da hannunsa da ban dawo ba. Na tashi na je na kama hannun Yakubu mai lafiyar, na sa na Nomau a ciki, na ce, "Amana aka ba ni, na ba ka. Yana salla, kada a hana shi." Ya ce uwarsa ma har ta mutu tana yi.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Ndagi ya ga na dawo ni kaɗai, bai yi mini wasa ko ɗaya ba, ya ƙara mini guzuri. Na shigo Gozaki hadarin farko na haɗuwa a gabas.

Baba na zaune a rumfa. Ya ji tafiyata, ya kasa kunne yana jiran ta biyu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ajiye ƙarfen a gabansa, bai taɓa ba. Sai na ciro saƙon da Nomau ya ba ni: wata ƙusa ce mai zare a jikinta, da 'yar uwarta mai rami da ake murɗawa a kai, aikinsa na farko a jirgin bayan fegin nan. Baba ya karɓa ya lalubo. Ya murɗa, ta hau. Ya warware, ta sauko. Ya yi ta yi, ni kuwa ina durƙushe ina jiran abin da zai faɗo mini.

Can ya ce, "Shi ya yi wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa."

Ya sake murɗa ƙusar. Sannan ya ce, "Wa ke yi masa zuga a can?"

Na ce, "Baba, wutar can ba ta bukatar mai zuga."

Ya jinjina kai, ya sa ƙusar a aljihu. Har yau tana nan, in kun lura za ku ga hannunsa na motsi cikin riga, ba carbi ba ne. Ya dafa ƙasa ya tashi, ya lalubo masabarsa inda take rataye, ya ɗora mini a cinya. Sannan tsohon nan, wanda rabonsa da taɓa zuga-zugi tun kafin a haife ni, ya zagaya ya zauna a wurina, ya kama fatun da hannu biyu.

"Tashi ka sa ƙarfe a wuta," in ji shi. "Mutane na jiran garemaninsu."